ITACE TUN YANA ƊANYE: DARASI A KAN KARKACEWAR ƘASHIN BAYAN YARA

Darasinmu na wannan wata a kan ƙashin baya ne, da wata irin karkacewa da ta kan same shi tun mutum yana yaro. Da wuya a sami waninmu wanda bai san wani gida ba inda akwai yarinya mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko yaro wanda bayansa ya yi tudu a gefe guda. Iyayen irin waɗannan yara su kan kasu biyu. Waɗansu su ce, "Ai za ta miƙe in ta girma," su zauna abinsu. Waɗansu kuwa su yi ta yawo da ita daga wannan mai magani zuwa wancan, har kuɗi ya ƙare, bayan kuwa yana nan yadda ya ke, ko ma ya fi dā.

Likitoci na ƙasashe da yawa sun yi shekara fiye da 100 suna bin diddigin wannan ciwo. Babban abin da suka gano shi ne, girman yaro shi ke tura karkacewar gaba, girman nan kuma shi ne ƙofar magani. Muddin yaro yana girma akwai abin yi mai sauƙi. Sa'ad da girma ya ƙare, ƙofar nan ta rufe. Bari mu bi labarin daki daki, domin mu san abin da ya kamace mu.

1. YADDA ƘASHIN BAYA YA KE

Ƙashin baya ba ƙashi guda ba ne kamar na cinya. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar tubalin gini. Akwai 7 a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari ya ke maƙale, 5 kuma a gindin baya, sa'an nan sauran da suka haɗe da juna a ƙugu. Ta tsakiyarsu laka ta ke wucewa, ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa.

In ka dubi mai lafiya daga gefe, za ka ga bayansa yana da lanƙwasa kaɗan a wuya da ƙirji da gindin baya. Wannan daidai ne, haka halittar ta ke. Amma in ka dube shi daga baya, ya kamata ƙashin ya sauko sak daga ƙeya zuwa ƙugu. Sa'ad da ya kauce zuwa dama ko hagu, shi ne likitoci su ke ce da shi sikoliyosis, kalmar Helenanci ce, ma'anarta abin da ya karkace. Ƙasusuwan ba kaucewa kaɗai su ke yi ba, har su kan murɗe, su ja haƙarƙari tare da su. Abin da ya sa ke nan a kan ga tudu a gefe guda na baya.

2. INA MAFARINSA?

Ba dalili ɗaya ba ne. Wani yaro an haife shi da ƙashi guda wanda bai cika siffa ba, ginin kuwa ya tashi a karkace. Wani kuma naman jikinsa ne ya raunana, kamar yadda shan inna ya kan yi, ko ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ƙashin ya rasa abin riƙe shi. Amma cikin masu wannan karkacewa, kamar 80 cikin 100 lafiyarsu lau, ba a ga wani ciwo a bayanta ba. Ta kan fito tsakanin shekara 10 da ƙarshen girma. A cikin yara masu waɗannan shekaru, 2 ko 3 cikin 100 suna da ita, yawancinsu kuwa kaɗan ce, ba ta bukatar kome sai a riƙa dubawa. Babbar karkacewa ta fi samun 'yan mata nesa ba kusa ba, har kusan ninki 10 na maza.

An lura tana bin dangi. A 2011 masu bincike a Japan suka nuna wani wuri cikin ƙwayoyin gado wanda ya ke ƙara wa mutum haɗarinta. Amma ɗaukar jakar makaranta ba ta kawo ta, zama a karkace bisa benci kuma ba ya kawo ta. Ba sammu ba ne, ba kuwa alhakin iyaye ba ne.

Dole mu raba wannan da wani ciwo wanda mu ka fi sani a ƙasarmu, watau doron da tarin fuka ya ke kawowa. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi a 1779. Ƙwayar tarin fuka ta kan shiga ƙashin baya ta cinye gabansa, ginin ya rushe zuwa gaba, wani ƙullutu mai tsini ya fito a tsakiyar baya. Yaron ya kan yi zazzaɓi, ya rame, bayan yana ciwo, wani lokaci ƙafafu su shanye. Tun daga shekarun 1960 Majalisar Binciken Magunguna ta Ingila ta yi gwaji a Koriya da Hong Kong da Bulawayo da Madras, aka ga yawancin masu wannan ciwo suna warkewa da maganin tarin fuka kaɗai, in sun sha shi watanni har ƙarshe. Sai dai magani yana kashe ƙwaya ne, ba ya mayar da ƙashin da ya riga ya rushe. Domin haka wannan ma sai da wuri.

3. AWO KAFIN MAGANI

Ba a iya sanin ko magani yana aiki sai an iya auna ciwo. A 1865 wani likitan Landan, William Adams, ya nuna hanya mai sauƙi: yaro ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya gaba, hannuwa suna reto, mai duba ya tsaya a bayansa. In haƙarƙarin gefe guda ya fi na ɗayan tudu, ƙashin ya murɗe ke nan. Har yau da wannan a ke fara dubawa ko'ina a duniya, ba ya cin ko sisi.

A 1895 aka gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi. A 1948 kuma John Cobb na birnin New York ya tsara yadda za a auna karkacewa a kan hoton. A kan ja layi bisa ƙashin da ya fi jirkicewa a sama, a ja wani a ƙarƙashin wanda ya fi jirkicewa a ƙasa, a auna kusurwar da ke tsakaninsu. Domin mu gane, kusurwar takardan nan da ke hannunku digiri 90 ce. Sai awo ya kai digiri 10 a ke kiran abin ciwo.

Awo na biyu shi ne na girman da ya rage wa yaro. A 1958 Joseph Risser ya nuna cewa bakin ƙashin ƙugu yana ƙosawa sannu sannu yayin da yaro ke girma, ana kuwa ganin wannan a hoto. Ya zama mataki daga 0 zuwa 5. Mataki 0, da sauran girma da yawa. Mataki 5, girma ya ƙare. Ga 'yan mata kuma likita ya kan tambayi lokacin da suka fara ganin al'ada, gama tsawo ya fi gudu a shekarar da ta gabaci wannan.

Sa'ad da aka haɗa awon nan biyu, gaskiya ta fito fili. A 1984 Lonstein da Carlson na jihar Minnesota ta Amurka suka ba da labarin yara 727 da suka bi. A cikin masu karkacewa ta digiri 20 zuwa 29 waɗanda ke mataki 0 ko 1, ta ƙaru ga 68 cikin 100. Amma masu karkacewa irin wannan waɗanda suka kai mataki 2 zuwa 4, ta ƙaru ga 23 cikin 100 kaɗai. Ku lura da kyau. Digiri ɗaya ne, amma haɗari ba ɗaya ba. Yarinya mai shekara 11 da digiri 25 tana bakin rijiya. 'Yar'uwarta mai shekara 16 da digiri 25 ɗin nan, da wuya abin ya motsa.

4. IN AN BAR SHI FA?

A dā ana tsoratar da iyaye cewa duk mai wannan ciwo zai naƙasa, ya mutu da ƙuruciya. A jami'ar Iowa ta Amurka akwai yaran da aka gani tsakanin 1932 da 1948, ba a yi musu magani ba. Likita Ignacio Ponseti, daga baya kuma Likita Stuart Weinstein, suka yi ta bin su har suka tsufa. A 1983 suka nuna cewa karkacewar da ba ta kai digiri 30 ba sa'ad da girma ya ƙare, yawanci ta kan tsaya nan. Amma ta ƙirji wadda ta wuce digiri 50 ta kan ci gaba, kamar digiri 1 kowace shekara, har cikin tsufa.

A 2003 suka ba da labarin shekara 50. Suka gwama 117 daga cikin mutanen nan da waɗansu tsaransu 62 masu miƙaƙƙen baya. Aka iske sun yi aure, sun haifu, sun yi aikinsu kamar kowa. Ciwon baya ya fi damunsu, 61 cikin 100 suna da shi, tsaransu kuwa 35 cikin 100, amma ga yawancinsu ba mai tsanani ba ne. Ƙarancin numfashi ya fi samun waɗanda karkacewar ƙirjinsu ta wuce digiri 80.

Wannan bincike ya koya mana abu biyu. Na fari, kada mu firgita, ba hukuncin mutuwa ba ne. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya kafa tarihin gudun mita 100 a 2009, shi da kansa ya faɗa yana da wannan karkacewa. Na biyu, akwai iyaka wadda ba a so yaro ya ƙetare kafin ya gama girma, watau wajen digiri 50. Dukan aikin magani mai sauƙi domin a tsare shi ne a wannan gefen iyakar.

5. RIGAR TALLAFI

A 1741 wani malamin likita a Faransa, Nicolas Andry, ya buga littafi a kan gyaran jikin yara. A ciki ya sa hoton wani ƙaramin itace karkatacce, an kafa masa miƙaƙƙen turke a gefe, an ɗaure su tare da igiya. Har yau hoton nan shi ne tambarin likitocin ƙashi. Mu ma mun san zancen, gama mu kan ce itace tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Turken yaro shi ne wata riga mai tauri da a ke yi daidai jikinsa, tana danna wurin da ya kauce, tana barin fili a ɗaya gefen. Bari mu kira ta rigar tallafi. A tsakiyar shekarun 1940 Blount da Schmidt suka yi wata a birnin Milwaukee, mai sandunan ƙarfe daga ƙugu har wuya. A 1972 aka yi wata ta roba a Boston, wadda ta tsaya ƙarƙashin hammata, ana iya sa tufafi a bisanta. Rigar ba ta miƙe baya sarai ba. Aikinta ta hana shi ƙaruwa har girma ya ƙare.

Amma shekaru da yawa likitoci suna gardama. Waɗansu su ce tana aiki. Waɗansu su ce ana wahal da yara ne a banza, waɗanda suka tsira da ma can za su tsira. A shekarun 1980 har aka gwada wata dabara, a riƙa motsa naman baya da lantarki da dare. A 1995 Nachemson da Peterson suka ba da sakamakon 'yan mata 286. Riga ta yi nasara ga 74 cikin 100, zuba ido kawai 34, lantarki 33. Aka watsar da lantarki. Duk da haka masu shakka suka ce ba a raba yaran da ƙuri'a ba, saboda haka shaidar ba ta cika ba.

Sai Weinstein da Lori Dolan da abokan aikinsu suka shirya babban gwaji a asibitoci 25 na Amurka da Kanada. Suka ɗauki yara masu shekara 10 zuwa 15, masu karkacewa ta digiri 20 zuwa 40, waɗanda ba su gama girma ba. Waɗansu aka raba su da ƙuri'a, waɗansu kuwa iyalinsu suka zaɓa da kansu. Kashi ɗaya aka ba su riga aka ce su sa ta sa'a 18 kowace rana, kashi ɗaya ana dubansu kawai. Nasara ita ce yaro ya gama girma bai kai digiri 50 ba. Ga kuma wata hikima: cikin kowace riga aka sa wata 'yar na'ura mai jin ɗumin jiki, tana lissafin sa'o'in da rigar ta yi a jikin yaro. Ba sauran dogara ga abin da yaro ya faɗa da baki.

Ba a ma kai ƙarshen gwajin ba aka tsai da shi, gama amfanin rigar ya bayyana, bai kuwa kamata a ci gaba da hana waɗansu ba. Aka buga sakamakon yara 242 a 2013. Masu riga, 72 cikin 100 suka tsira daga iyakar tiyata. Marasa riga, 48 cikin 100. Amma abin da 'yar na'urar ta tona ya fi wannan. Yaran da suka sa rigar ƙasa da sa'a 6 a rana, sakamakonsu bai fi na marasa riga ba. Waɗanda suka sa ta wajen sa'a 13 ko fiye, 90 cikin 100 da ɗoriya suka tsira.

Ashe riga a rataye ba ta magani. Mu kuma tuna, ba abu mai sauƙi ba ne yarinya mai shekara 12 ta zauna cikin roba mai tauri yini da kwana, shekara biyu ko uku, ga zafi, ga idon tsara. Likita ya iya auna riga, amma ba shi ne zai ɗaura ta kowace safiya ba. Wannan aikin uwa ne da uba da malamin makaranta, da haƙuri da lallashi. Gwajin ya kuma nuna kusan rabin marasa riga sun tsira haka nan, watau ana sa wa waɗansu rigar da ba su bukata. Shi ya sa bincike bai tsaya ba, ana neman hanyar gane tun da wuri wane yaro ne abin zai yi wa gudu.

Akwai kuma motsa jiki na musamman, irin wanda Katharina Schroth ta fara koyarwa a Jamus a 1921, inda mai ciwo ke koyon tsayuwa da numfashi ta yadda zai buɗe gefen da ya matse. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana da ɗan amfani. Amma shaidarsa ba ta kai ta riga ƙarfi ba, ba ya kuwa maye gurbinta.

6. SA'AD DA YA KAI GA TIYATA

In karkacewa ta kai digiri 45 ko 50, riga ba ta da sauran iko. A 1911 Russell Hibbs na New York ya fara haɗe ƙasusuwan baya domin masu doron tarin fuka, a 1914 ya yi haka domin karkacewa. A kan kankare ƙasusuwan a zuba gutsattsarin ƙashi tsakaninsu, su warke su zama guda, kamar yadda karaya ta kan ɗoru. Amma a zamanin nan mai ciwo ya kan kwanta watanni cikin filasta, wadda mutane ke ce da ita siminti, sau da yawa kuma haɗin ba ya kamawa.

A shekarun 1950 shan inna ya bar yara da yawa da karkataccen baya a birnin Houston. Likita Paul Harrington ya ƙera sandar ƙarfe mai ƙugiya sama da ƙasa, wadda ke buɗe karkacewar daga ciki ta riƙe ta har ƙashi ya haɗe. Ya buga labarin aikinsa a 1962, duniya duka ta bi shi shekara 20. Amma daga baya aka ga aibinta. Miƙaƙƙiyar sanda ta kan shafe lanƙwasar halitta ta gindin baya, waɗansu su girma ba su iya tsayawa sak sai da wahala. A farkon shekarun 1980 Cotrel da Dubousset na Faransa suka kawo sanduna biyu masu ƙugiyoyi da yawa, waɗanda a ke lanƙwasa su daidai siffar baya mai lafiya. A 1995 Likita Suk na Koriya ta Kudu ya nuna ana iya murɗa ƙusoshi cikin ƙasusuwan ƙirji kansu, riƙon ya fi ƙarfi. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi yanzu. A kan gyara kamar kashi biyu cikin uku na karkacewar, yaro ya taka ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya koma makaranta bayan 'yan makonni.

Babban abin tsoro shi ne a taɓa laka, ƙafafu su shanye. A 1973 likitocin Faransa suka fara farkar da mai ciwo kaɗan a tsakiyar aiki, su ce ya motsa yatsun ƙafa. Yanzu na'ura ce ke sauraron saƙon laka tun daga farkon aiki har ƙarshe. Ga matasa masu lafiya, haɗarin nan bai kai 1 cikin 100 ba. Duk da haka wurin da aka haɗe ba ya ƙara lanƙwasawa, ba ya kuma ƙara tsawo. Domin wannan aka ƙago wata sabuwar hanya, a ɗaure gefen da ya bunƙuro da igiya mai ƙarfi, ɗaya gefen ya ci gaba da girma har ya cim masa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita a 2019 ga waɗansu yara zaɓaɓɓu. Amma an ga igiyar ta kan tsinke, masu komawa tiyata ta biyu kuma sun fi na tsohuwar hanya yawa.

7. ƘANANAN YARA

Duk abin da mu ka faɗa a bisa na matasa ne. In karkacewa ta fara kafin shekara 10, balle kafin 5, zancen ya fi nauyi, gama huhu yana cikin ginuwa har wajen shekara 8. Ƙirjin da ya matse ba ya ba huhu wurin girma. An kuma ga yaran da aka haɗe musu ƙashi tun suna ƙanana sun girma da gajeren ƙirji da raunin numfashi. Saboda haka a nan nufin likita shi ne ya riƙe baya ba tare da ya tsai da girma ba.

Wata likita a Ingila, Min Mehta, ta riƙa sa wa jarirai filasta a jiki, tana murɗa ƙirjin a hankali zuwa daidai, tana sake filastar bayan wata biyu ko uku yayin da su ke girma. A 2005 ta ba da labarin yara 136. Su 94 da aka kawo mata da wuri, wajen shekara ɗaya da wata 7, bayansu ya miƙe. Su 42 da aka kawo wajen shekara biyu da rabi, karkacewar ta ragu amma ba ta tafi ba. Dubi abin da jinkirin da bai kai shekara guda ba ya jawo.

Ga waɗanda filasta ba ta isa ba, akwai sanduna masu ƙara tsawo. Dā sai an sake buɗe bayan yaro kowane wata 6 domin a ƙara su. A 2012 likitocin Hong Kong suka ba da labarin sanda mai maganaɗisu a ciki, wadda a ke ƙara ta daga waje ba tare da yanka ba. Ta rage yawan tiyata, ko da ya ke an sami waɗansu sun karye ko sun ƙi motsi.

Yaran da suka zo a makare, bayansu ya wuce digiri 100, ba a iya miƙe su rana ɗaya. A kan kafa musu zoben ƙarfe a kai, a rataya nauyi ta kan ƙarfen juyi, yana jan su sama a hankali makonni ko watanni, suna zaune ko suna tafiya, kafin a yi tiyata. Ana yin wannan aiki a Afirka ta Yamma, a asibitin FOCOS kusa da Akara, wanda Likita Oheneba Boachie-Adjei, mutumin Gana, ya buɗe a 2012 bayan ya yi shekaru yana aikin ƙashin baya a New York. Aiki ne mai ban mamaki, amma mai tsawo ne, mai tsada kuma. Da yawa cikin yaran nan, da an gan su da wuri da ba su kai haka ba.

8. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wannan karkacewa yawanci ba ta ciwo a farko, tana kuwa zuwa daidai lokacin da yarinya ta fara jin kunya, ta daina wanka a gaban uwarta. Shi ya sa ta kan ɓuya ƙarƙashin riga har ta yi nisa. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na yara a Amurka suna ba da shawara a duba 'yan mata a shekara 10 da 12, maza kuma a 13 ko 14. Ba mu da dalilin jiran kowa. Uwa ta duba 'yarta a ɗaki, uba ya duba ɗansa. A dubi kafaɗu ko sun daidaita, allon kafaɗa ko guda ya fito, ƙugu ko ya karkata, sa'an nan yaro ya sunkuya a duba tudun haƙarƙari. In an sami mai ita a gida, a duba ƙannenta.

In kun ga alama, ku kai shi asibiti a ɗauki hoto a auna. Akwai asibitocin ƙashi a Dala cikin Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, akwai kuma likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa. Ku tambayi likita abu biyu: digiri nawa ne, girma nawa kuma ya rage? In ya ce ku komo bayan wata 4 ko 6, ku komo, ku kuma adana tsohon hoto, gama da shi za a gwada sabo. In kuwa da zazzaɓi, ko rama, ko ciwon da ke ta da yaro daga barci, ko raunin ƙafa, ko fitsari yana kubce masa, kada ku kwana.

Maɗori ya san karaya, amma nan ba abin da ya karye. Tsaga da ƙaho da tausa ba su kai ga ƙashin da ya murɗe. Babbar hasararsu ba kuɗi ba ne, watanni ne, watannin nan kuwa ba su komowa.

A ƙarshe, mu tsare bakinmu da na 'ya'yanmu. Yaron da a ke kira da sunan doronsa ya kan ɓoye bayansa, ya tuɓe rigar tallafinsa a hanyar makaranta. Mun kuwa ga abin da sa'o'in nan su ke nufi. Wanda ya hana ba'a ga irin wannan yaro, ya sa hannu cikin maganinsa ke nan.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Ina bambanci tsakanin karkacewa zuwa gefe da doron tarin fuka?
2. Don me digiri 25 ya fi haɗari ga mai shekara 11 bisa ga mai shekara 16?
3. Me 'yar na'urar da aka sa cikin riga ta koya wa likitoci a 2013?
4. Me ya raba yara 94 da yara 42 na Likita Mehta?
5. Yara nawa ne a gidanku masu shekara 10 zuwa 14, yaushe kuma za ku duba bayansu?